Gwanjon Kwabo: Ranar da Maƙwabta Suka Ƙi Yin Tayi

A zauren gidanmu akwai wata garmar shanu da mahaifina ya saya ina ɗan shekara goma. Mai ita na farko maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ya ci bashin taki a hannun wani ɗan kasuwa bisa alkawarin biya da kaka, sai ruwa ya ɗauke tun masara ba ta gama cika ba. Ranar kasuwar garinmu aka fito da bijimansa biyu da amalanke da wannan garma, dillali ya tsaya a kansu, masu saye suka kewaye. Kowa ya san dalilin sayarwar, saboda haka kowa ya taya da arha. Mahaifina ya sami garmar a kan abin da bai kai rabin kuɗinta ba, muka ɗauko ta ina murna.

Ban sake tunanin wannan rana ba sai a shekarata ta uku a jami'a, lokacin da na ci karo da wani tsohon hoto daga Amurka ta shekarun 1930. Manoma ne cike da farfajiyar wata gona ana shirin gwanjo, ga igiya mai zarge tana reto daga rumbun dabbobi. Ba don mai gonar aka rataye ta ba. Gargaɗi ce ga duk wanda ya zo da niyyar cin arha. Tarihin wannan igiya nake son bibiya a nan, domin ya sa na dubi garmar zaurenmu da wani ido.

Tushen al'amarin yana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gonakin Turai sun zama fagen fama, Amurka ta zama rumbun da ke ciyar da ƙawayenta, har gwamnati ta lamunce wa manoma dala 2 ko fiye a kan kowane bushel na alkama, wato ma'aunin da ke ɗaukar kimanin kilo 27. Da kuɗi suka shigo, manoman jihohin tsakiya irin su Ayowa da Nebraska da Minesota da Wiskonsin suka ci bashi suka ƙara gonaki da tsada, suka ƙara shanun tatsa, suka sayi injuna. A 1917 kamfanin Ford ya fito da taraktar Fordson mai sauƙin kuɗi. Doki yana cin abin da gona ta haifa, kuma yana haihuwa. Tarakta kuwa sai an sayo mata mai da kayan gyara da tsabar kuɗi. Ta haka manomin da a da yake iya ɗaure ciki ya tsallake mummunar shekara ya koma mutumin da tilas ya nemo kuɗi kowane wata.

Da yaƙi ya ƙare Turai ta koma noma, farashi ya karye a 1920 zuwa 1921, amma bashi bai ragu da ko kwabo ba. Haka manoma suka yi ta jan ƙafa har kasuwar hannun jari ta rushe a 1929. Zuwa ƙarshen 1932 bushel ɗin masara a Ayowa bai kai senti 15 ba, alhali senti 100 ke yin dala ɗaya. Wasu gidaje sun gwammace su ƙona masara su ji ɗumi a lokacin sanyi, domin ta fi gawayin kwal arha. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A wancan zamani kuwa hanjin ya ƙulle wa dubban gidaje a lokaci guda.

Bashin iri biyu ne, kuma gwanjonsa iri biyu. Akwai jinginar ƙasa, wadda galibi manyan kamfanonin inshora da bankunan filaye ke riƙe da ita. Idan aka kasa biya, jami'in gunduma ne ke yin gwanjon gonar a ƙofar kotu. Akwai kuma jinginar dukiya mai motsi, wato shanu da dawaki da garma da tarakta, wadda ƙananan bankunan gari ke bayarwa; wannan a tsakar gonar ake yin gwanjonta, a gaban matar gida da 'ya'yanta. Ana fito da saniyar da yaran suka raɗa wa suna, mai gwanjo ya ɗaga murya, wanda ya fi tayi ya ja ta. Wani abin takaici shi ne, idan kuɗin da aka samu bai cike bashin ba, kotu tana iya bin manomin da ragowar. Ya rasa gona, ya rasa shanu, bashi kuma na biye da shi duk inda ya nufa.

A watan Mayu na 1932 manoma suka taru a Des Moines suka kafa ƙungiyar Farmers' Holiday Association a ƙarƙashin Milo Reno. Hujjarsu ita ce, tunda banki kan rufe ƙofa ya ce yana hutu idan ya ga masu ajiya za su kwashe kuɗinsu, to manomi ma yana da ikon tafiya hutu. A watan Agusta suka tare hanyoyin shiga Sioux City, suka mayar da motocin dabbobi, suka tuntsurar da madara a kwalbati. Masu shanun tatsa na Wiskonsin suka yi irin wannan yajin har sau uku a 1933. Sai dai farashi bai tashi yadda suka so ba, domin madara ba ta jira, saniya kuma dole a tatse ta safe da yamma ko da mai saye ko babu. Wanda yake da yara da bashi bai iya zubar da abincinsa na makonni ba.

Dabarar da ta yi tasiri ta fito ne daga farfajiyar gwanjo. Idan aka sa ranar sayar da kayan wani, sai labari ya zaga gona-gona. Ranar na zuwa ɗaruruwan manoma, wani lokaci dubbai, su cika wurin tun da sassafe. Mai gwanjo ya fito da saniya ya nemi tayi, wani ya ce senti biyar, wani ya ce goma, sai wuri ya yi tsit. In wani baƙo ya buɗe baki zai ƙara, sai ya ji ƙarti sun matso kafaɗa da kafaɗa, wani ya raɗa masa cewa tayin nan ya yi yawa. Haka za a bi shanu da dawaki da injuna ɗaya bayan ɗaya. In an gama, a tara 'yan kuɗin a miƙa wa wakilin banki, a karɓi takarda, a mayar wa mai gida kayansa, ko kyauta ko da sunan haya ta dogon lokaci don kada wani mai bin bashi ya sake kamawa. Wannan shi ne abin da aka riƙa kira gwanjon kwabo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara an yi shi ne da kakar 1932 kusa da garin Elgin a Nebraska, a gonar wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ana bin ta dala 442, abin da aka tara bai kai rubu'in haka ba, shanunta kuma suka kwana a garkensu.

A gwanjon ƙasa kuwa dabarar juyawa take yi. Kamfanin da ke bin bashi yakan taya gonar da ƙasa da abin da yake bi, don ya karɓe ta kuma ya ci gaba da bin ragowar. A watan Janairu na 1933, a garin Le Mars na Ayowa, taron manoma ya ritsa lauyan wani kamfanin inshora na New York a ƙofar kotu, ba su sake shi ba sai da ya buga waya hedikwata aka amince ya ɗaga tayin ya cike bashin duka. A tsakar gona sun danne farashi, a ƙofar kotu sun tilasta a ɗaga shi, manufar dai ɗaya ce: kada mutum ya bar wurin gwanjo tsirara.

Da na fara karanta wannan tarihi zuciyata gaba ɗaya tana tare da manoman. Daga baya na ga cewa adalci bai taru a gefe ɗaya ba. Yawancin bankunan da aka yi wa gwanjon kwabo ƙanana ne, kuɗin da ke cikinsu ajiyar malamin makaranta ne da mai shago da tsohuwar da ta tara na jana'izarta. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kusan 9,000 suka durƙushe a Amurka, ajiyar talakawa da yawa ta bi ruwa. Igiyar nan ma ba ta tsaya a matsayin gargaɗi ba. Ranar 27 ga Afrilu, 1933, a Le Mars ɗin dai, wasu manoma suka finciko Alƙali Charles Bradley daga kan kujerarsa, suka kai shi bayan gari, suka zarga masa igiya a wuya, suka nemi ya rantse ba zai ƙara sa hannu a takardar karɓe gona ba. Dattijon ya ƙi rantsewa. Sun bar shi da ransa, amma Gwamna Clyde Herring ya kafa dokar soja a gundumar, aka kama mutane da dama, jama'ar da ke tausaya wa ƙungiyar suka fara ja da baya.

Ko a fiƙihun da muka gada akwai abin dubawa a nan. Malaman Malikiyya sun halatta cinikin wa-zai-ƙara, sun haramta najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani. A Muhtasar na Halil an nuna cewa mai saye yana iya roƙon wani daga cikin masu tayi ya janye masa, amma ba ya halatta a haɗa baki da dukkansu, domin hakan cutar da mai kaya ne. Bisa wannan ma'auni gwanjon kwabo yana da tabo. Sai dai shari'ar da ta hana haɗa baki ita ce ta umarci mai bin bashi, a aya ta 280 ta Suratul Baƙara, da ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Abin da ya faru a Amurka shi ne doka ta riƙe hakkin mai bin bashi kam-kam, ta manta da jinkirin, har sai da mutane suka ƙwace shi da hannunsu.

Daga ƙarshe doka ta biyo sawu. Majalisar Ayowa ta yi dokar jinkirta karɓe gonaki a Fabrairun 1933, Minesota ta yi tata a Afrilu, jihohi fiye da 20 suka bi. A Dakota ta Arewa, Gwamna William Langer har sojojin jiha ya tura su hana gwanjo. Ranar 12 ga Mayu Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta ƙunshi daidaita farashin amfanin gona da sabunta jinginar manoma da kuɗin ruwa mai sauƙi da wa'adi mai tsawo. Masu bin bashi suka garzaya Kotun Ƙoli suna cewa an taɓa alfarmar yarjejeniya, amma a Janairun 1934, a shari'ar Blaisdell, alƙalai biyar cikin tara suka tabbatar da dokar Minesota. Jinkirin bai zo kyauta ba: a jihohin da suka yi irin wannan doka, masu ba da rance sun ƙara tsumulmula, matashin da ke neman bashin fara noma ya sha wuya.

Gwanjon kwabo ya ceci gidaje, amma bai tare guguwar ba. A 1935 Amurka tana da gonaki miliyan 6.8, yau kimanin miliyan 2 suka rage. A shekarun 1970 aka sake zuga manoma su faɗaɗa, suka sake cin bashi. Kuɗin ruwa ya haura kashi 20 cikin ɗari a ƙarshen 1980, darajar ƙasar noma a Ayowa ta zube da fiye da rabi tsakanin 1981 da 1986. Jikokin masu gwanjon kwabo suka kafa fararen gicciye a harabar kotuna, ɗaya a madadin kowace gona da ta salwanta. A 1986 gwamnati da kanta ta biya masu shanun tatsa kusan 14,000 don su rabu da garkunansu su bar sana'ar. Wiskonsin, wadda ke da garken tatsa sama da 15,000 a 2004, ba ta kai 6,000 ba a 2024. Yanzu gwanjo da yawa ta intanet ake yin su, mai tayi yana wata jiha, bai taɓa ganin fuskar mai saniyar ba, babu kuma kafaɗar da za ta matse shi.

A nan ne na fahimci abin da ya ba wa waccan dabara ƙarfi. Igiya ta tsorata baƙo, amma ɗan gari kunya ce ta riƙe shi, da sanin cewa gobe zai haɗu da mai gonar a coci da kasuwa, kuma sunansa na iya zama na gaba a takardar gwanjo. Mu ma muna da duk waɗannan. Muna gayya, muna sallah sahu ɗaya, mun san cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Duk da haka ranar da aka fito da bijiman maƙwabcinmu, ba wanda ya ce a dakata, ba wanda ya je wurin mai bin bashin neman jinkiri zuwa wata kakar. Kowa ya je shi kaɗai da kuɗinsa a aljihu.

Bayan na gama jami'a na tambayi mahaifina labarin garmar. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Da ban saya ba, wani zai saya ƙasa da haka. Ni na fi kowa tayi a ranar." Na san gaskiya ya faɗa. Na ce, "Baba, da ku goma kun haɗa kuɗin takin fa?" Ya ce ba wanda ya kawo wannan shawara, shi ma ba ta zo masa ba.

Maƙwabcin namu ya tafi ci-rani kudu a shekarar, gonar da ya jinginar ba ta dawo hannunsa ba har ya rasu. Babban ɗansa yana noma a gonar haya. Kowace damina yakan yi sallama a zaurenmu ya ari garmar, ya gama huɗa ya wanke ta ya dawo da ita. Bana da ya kawo ta, mahaifina ya ce masa zauren ya yi mana kaɗan, ya ajiye ta a wurinsa.