Sawaba Biyu a Kan Iyaka Ɗaya: Darasi Daga Tarihin Murƙushe 'Yan Hamayya

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Shimfiɗa

Ya ɗan'uwa mai karatu, tsakanin Illela da Birnin Ƙwanni tafiya ce ta ɗan lokaci kaɗan. Harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, kasuwa da auratayya sun haɗa mu tun kafin Ingila da Faransa su zauna su shata iyaka a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906. Bayan an shata ta, kowane ɓangare ya tashi da irin siyasarsa. Sai dai akwai kalma guda da ta ƙi tsayawa a shingen kwastan, wato "sawaba", wadda ke nufin sauƙi bayan wuya. A shekarun 1950 talakawan kudu da iyaka sun riƙe ta a ƙarƙashin jam'iyyar NEPU, na arewa da ita kuma suka raɗa wa jam'iyyarsu sunan kacokan. Duka biyun sun sha matsi daga masu mulki, amma ƙarshensu ya bambanta. Wannan bambanci shi ne abin da nake so mu yi nazari a kansa yau.

Sawaba ta Kudu: NEPU da En'e

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Cikin mutum takwas da suka aza tubalinta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. A lokacin Malam Aminu Kano yana koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru, a lardin Sakkwato na wancan zamani. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aiki ya koma Kano, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar.

Ba za a fahimci wahalar 'yan NEPU ba sai an san yadda En'e take. A hannunta 'yan doka suke, da kotunan alƙalai, da gidan yari, da yankan haraji, da ba da izinin taro. Manyan ma'aikatanta kuwa akasarinsu 'yan jam'iyyar NPC ne mai mulkin Jihar Arewa. Ka ga ke nan wanda kake takara da shi, shi za ka je wa neman izinin lacca. In ya hana ka yi, ɗan dokarsa zai kama ka, alƙalinsa ya yanke maka hukunci, yarinsa ya tsare ka. Laifuffukan da aka fi tuhumar su da shi su ne taro ba izini, da zagin sarki ko hakimi, da tayar da hankalin jama'a. Hukunci kuwa bulala ne, ko tara, ko watanni a kurkuku. Wani ba a ma kai shi kotu, haraji kawai za a lafta masa har ya gudu ya bar garin. A 1953 aka samu gungun 'yan banga a Kano da ake kira 'Yan Mahaukata, aikinsu tarwatsa taron NEPU. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta rasu a 2001, an ɗaure ta sau da dama, har aka taɓa korar ta daga Kano, saboda tana shiga gidaje tana wayar wa mata kai, a zamanin da matan Arewa ba su da ƙuri'a.

Tsarin zaɓe ma ya taimaka. A 1951 ana zaɓe ne hawa-hawa. 'Yan NEPU suka yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma da aka je matakin ƙarshe, inda En'e ke da ikon cusa nata wakilai, babu ko ɗayansu da ya kai majalisa a Kaduna ta wannan hanya. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta samu kujeru 134, NEPU ta samu 8, ciki har da ta Malam Aminu.

Adalci ya sa a faɗi abu biyu. Na farko, su ma 'yan NEPU suna da matasan da ke rama duka da zagi, ba duka ne waliyyai ba. Na biyu, duk da wannan matsi, gwamnatin Sardauna ba ta haramta NEPU ba. Tana da ofis, tana tsayar da 'yan takara, tana da murya a majalisa. Ƙofar ƙunci gare ta, amma ba a toshe ta ba, har zuwa 1966 lokacin da soja suka rushe jam'iyyu gaba ɗaya. Bayan nan ne, a zamanin Janar Gowon, aka karɓe 'yan sanda da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, aka kuma naɗa Malam Aminu kwamishinan tarayya a 1967. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna da ƙuri'a.

Sawaba ta Arewa: Jibo Bakari da Jori Hamani

A ƙetaren iyaka labarin ya ɗauki wata hanya. Jibo Bakari da Jori Hamani 'yan'uwa ne, duka malaman makaranta ne da suka yi karatu a William Ponty ta ƙasar Senegal, kuma a jam'iyya ɗaya suka fara, wato PPN-RDA. Suka raba gari, Jibo ya kafa tasa a 1954, wadda daga baya ta shahara da sunan Sawaba. Ƙarfinta yana wajen 'yan ƙwadago da direbobi da ƙananan 'yan kasuwa, musamman a ƙasar Hausa irin su Damagaram da Maraɗi da Tasawa. A 1956 Jibo ya zama magajin garin Yamai. A zaɓen 1957 ɓangarensa ya ci kujeru 41 cikin 60, ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a Nijar.

Sai ga ƙuri'ar raba gardama ta Janar Dagol ranar 28 ga Satumba, 1958: ko a zauna ƙarƙashin inuwar Faransa, ko a karɓi 'yanci nan take. Jibo ya ce a jefa "a'a", kamar yadda Seku Ture ya yi a Gini. Faransa ba ta shirya sakin ƙasar da ke iyaka da Aljeriya ba, inda take tsakiyar yaƙi. Ta turo sabon gwamna, Kolombani, aka ja hankalin sarakuna, aka yi amfani da ma'aikatan mulki da soja. Sakamakon da aka bayyana ya ba "i" kusan kashi 78 cikin 100, alhali mafi yawan masu rajista ba su fita ba. Jibo ya sauka a watan Oktoba. A Disamba aka sake zaɓen majalisa, Jori ya hau, 'yan kujerun da Sawaba ta samu kuma aka soke su. A Oktoban 1959 aka haramta jam'iyyar ɗungurungum. Saboda haka ranar 3 ga Agusta, 1960 Nijar ta karɓi 'yancin kai da jam'iyya ɗaya tilo.

Daga nan zama ɗan Sawaba ya zama laifi. Aka kama wasu, aka kori wasu daga aiki, wasu suka tsallako Nijeriya, inda suka samu mafaka a gidajen 'yan NEPU. Jibo ya yi gudun hijira zuwa Bamako, daga baya Akara. Da suka ga babu akwatin zaɓe, babu majalisa, babu jarida, sai shugabannin suka yanke shawarar ɗaukar makami. Aka tura matasa koyon yaƙin sunƙuru a Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa. A ƙarshen 1964 wasu ɗaruruwa suka kutso ta iyakoki daban-daban, har da nan yankin Ƙwanni. Sun zaci talakawa za su tashi su mara musu baya. Hakan bai faru ba. Cikin 'yan makonni aka murƙushe su, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai a watan Oktoba, aka cika gidajen kaso da mutane, mai hannu da wanda aka yi wa ƙazafi. A Afrilun 1965, ranar Babbar Salla, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a wurin sallar idi a Yamai da nufin kashe Jori. Jori ya tsira, ƙaramin yaro ya mutu. Kamen da ya biyo baya ya fi na farko muni, wasu a tsare suka cika.

Jori bai ci ribar wannan nasara ba har abada. Ranar 15 ga Afrilu, 1974 sojan da ya dogara da su suka kifar da shi a ƙarƙashin Saini Kunce, matarsa ta rasa ranta a daren, shi kuma ya shafe shekaru a tsare. Jibo ya dawo gida, a 1975 Kunce ya ɗaure shi shi ma. Wanda ya rufe ƙofa da wanda aka rufe wa, duka suka ɗanɗana kurkukun mutum ɗaya. Jori ya rasu a 1989, Jibo a 1998. Allah Ya jiƙan musulmi.

Ƙurdawa: Cuta Ɗaya a Wata Ƙasa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na baƙar fata ne kaɗai. Ƙurdawa, al'ummar da ta haifi Salahuddin al-Ayyubi, an raba ƙasarsu tsakanin Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Turkiyya kotun tsarin mulki ta rufe jam'iyyunsu ɗaya bayan ɗaya: HEP a 1993, DEP a 1994, HADEP a 2003, DTP a 2009. Leyla Zana, wadda ta yi magana da Ƙurdanci wajen rantsuwar shiga majalisa a 1991, an yanke mata shekara 15 a 1994, ta fito a 2004. A Nuwamban 2016 aka kama shugabannin jam'iyyar HDP, Selahattin Demirtaş da Figen Yüksekdağ. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce a saki Demirtaş a 2020, amma a 2024 wata kotun Turkiyya ta yanke masa shekara 42. Hujjar gwamnati ita ce alaƙa da ƙungiyar PKK, wadda ta ɗauki makami tun 1984, rikicin da ya ci dubun dubatar rayuka kafin ta sanar da rusa kanta a 2025. Bayan shekara arba'in ana zubar da jini, teburin shawara aka koma wa.

Me Musulunci Ya Koyar?

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa cancantar gane wannan darasi. A Maratta ta ƙasar Ƙwanni aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma jama'arsa su ne 'yan hamayyar zamaninsu. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya bar musu ƙofa: a haɗuwarsu ta Magami ya amince Shehu ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta haraji, aka zauna lafiya. Nafata ya zo ya hana wa'azi ga kowa in ban da Shehu, ya hana rawani da lulluɓi. Yunfa ya ƙara matsawa har aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Shekara huɗu bayan haka Alƙalawa ta faɗi.

Tun kafin nan Sayyidina Aliyu (RA) ya shimfiɗa ƙa'ida. Khawarijawa sun kafirta shi, suna katse masa huɗuba a masallacin Kufa. Duk da haka ya tabbatar musu da haƙƙinsu na shiga masallaci, da rabonsu na ganima muddin suna tare da musulmi, da cewa ba zai fara yaƙar su ba. Bai zare takobi ba sai da suka kashe Abdullahi ɗan Khabbab, sannan aka yi yaƙin Nahrawan. Ya raba tsakanin mai suka da baki da mai zubar da jini. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida kuwa ta hana mumini barin adalci saboda ƙiyayyar da yake yi wa wasu mutane.

Daga wannan tarihi za mu tsinci abu uku. Na ɗaya, mai mulkin da ya toshe bakin mai suka ya toshe kunnen kansa, ba zai san wuta ta kama ba sai ta iso ɗakinsa. Na biyu, zalunci ba ya halatta wa wanda aka zalunta komai da komai. An cuci Sawaba, babu shakka, amma gurneti a sahun masu sallar idi haramun ne, kuma talakawan da aka ce ana yi domin su, su suka biya kuɗin sabulu. Malam Aminu ya sha wuya shekara da shekaru bai kira magoya bayansa daji ba, kuma a 1979 ya ga amfanin haƙurinsa. Na uku, ranar da aka mayar da kotun alƙali sandar dukan abokin hamayya, Shari'a ce ke asarar mutuncinta a zukatan mutane, wannan kuwa ɓarna ce da ta fi ɗaurin mutum ɗaya girma.

Kammalawa

Ya ku matasa, abin bai zama tatsuniya ba. A 2023 soja suka hamɓare Bazoum suka tsare shi, aka rufe wannan iyaka tamu watanni, a 2025 kuma aka rusa jam'iyyun Nijar baki ɗaya. A tamu ƙasar ma ana kama mutane saboda abin da suka rubuta a intanet. Jarrabawarka ita ce ranar da aka kama wanda ba ka so. Idan ka yi murna don ba ɗan jam'iyyarku ba ne, ko ba ɗan ƙungiyarku ba, to ka tuna in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tambayi laifinsa, tambayi ko an kai shi gaban alƙali mai zaman kansa, ka kuma kame harshenka daga yaɗa tuhumar da ba ka da hujjarta.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya cikin ladabi, Ya zaunar da Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashen musulmi lafiya.