Tarihin Gwajin Tartsatsin Lantarki: Daga Shikago Zuwa Kafanchan

Gwajin tartsatsi hanya ce ta auna yadda robar soket, makunni ko akwatin mita ke jure wutar da kan yi tsalle tsakanin ƙarafa biyu kafin robar ta kama da wuta. Masu wayarin a Kafanchan sun san baƙin tabon da tartsatsi ke bari a bayan soket, amma labarin gwajin a warwatse yake cikin takardun injiniyoyi.

Tushensa Amurka. Kamfanonin inshora sun tura William Henry Merrill ya duba wayoyin babban baje kolin Shikago na 1893, shi ya sa wasu ke fara lissafi daga nan. Shekarar da ta fi inganci ita ce 1894, lokacin da ya buɗe ɗakin gwajin da ya zama Underwriters Laboratories (UL).

Zuwan roba ne ya tsananta buƙatar. Bakelite, wadda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, tana jure zafi, amma da tartsatsi ya lashe ta sai ta bar layin gawayi, gawayi kuwa hanya ce ga lantarki. A ƙa'idar UL 746A ana ɗora ƙarafa biyu a kan robar, ɗaya a kafe, ɗaya yana matsowa yana ja da baya, a saki wuta mai ƙarfin bolt 240, tartsatsi 40 a minti. Ana ƙirgawa har ta kama. Wadda ta jure 120 ta shiga ajin farko. Wadda ta gaza 15 tana ajin ƙarshe.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 112 ta 1959 ta shigo da danshi: ana ɗiga ruwan gishirin amoniya sau 50 tsakanin ƙarafan, a ga ko wuta za ta tsallaka. Wannan ne gwajin da ya fi dacewa da Kudancin Kaduna, inda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan kaya, doguwar damina ta zo ta jiƙa ta.

Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, daga baya wutar kamfanin NESCO na Filato ta iso ta. A ɓangaren tabbatar da ingancin kaya a Najeriya kuwa, an kafa hukumar SON a 1971, tsarin SONCAP na tantance kayan shigowa a 2005, dokar hukumar NEMSA mai duba kayan lantarki a 2015. Duk mai sayen soket ko waya a kasuwa ya nemi shaidar SON kafin ya biya.