Girgizar Ƙasar 1992 da Horon 'Yan Agaji a Alƙahira

A lokacin sanyin da ya wuce wani ɗan'uwanmu ɗalibi ya faɗi a banɗaki a gidan da muke haya a Hayyul Ashir, saboda iskar gas ɗin tukunyar ɗuma ruwa. Mu biyar muna tsaye a kansa, wannan na yayyafa ruwa, wancan na tofa addu'a, babu wanda ya tuna da buɗe taga. Mai gadin gidan ne, wani dattijo, ya ja shi waje ya kira 123. Da hankali ya kwanta sai ya ce mini haka aka yi asarar mutane a ranar "zilzal". Wannan magana ce ta sa na bi tarihin.

Ranar 12 ga Oktoba, 1992, wajen ƙarfe uku na rana, ƙasa ta girgiza a kusa da Dahshur, kudu da Alƙahira. Ƙarfinta bai wuce 5.9 ba, amma sama da mutum 500 suka rasu, dubbai suka jikkata, kimanin 50,000 suka rasa matsuguni. Abin da ya fi taɓa ni shi ne 'yan makaranta: da dama daga cikinsu ba gini ne ya danne su ba, turmutsutsu ne a kan matakala, domin ba a taɓa koya musu ko malamansu yadda ake fita ba. A unguwar Misrul Jadida kuwa wani dogon bene ya rufta, aka zaƙulo mutum ɗaya da rai bayan fiye da kwana uku.

Ba wai ƙasar ba ta da ƙungiyar agaji ba ne. Hilal Ahmar ta Masar tsohuwa ce, Shaihu Ali Yusuf, mai jaridar Al-Mu'ayyad, shi ya assasa ta lokacin da Italiya ta auka wa Libiya a 1911. Sai dai a sa'o'in farko maƙwabta ne ke tono da hannu, ƙungiyar likitoci kuma ta riga hukuma kafa tantuna. Martanin gwamnatin Mubarak shi ne dokar soja mai lamba 4 ta 1992, wadda ta haramta tara gudummawa ba da izini ba. A ganina an kula da wanda zai tara kuɗi fiye da wanda zai iya tsayar da jini.

Wasu ƙasashen sun ɗauki wata hanya. A girgizar birnin Meziko ta 1985 'yan sa-kai marasa horo sun ceto ɗaruruwa, amma kusan 100 daga cikinsu sun mutu wajen ceton. Hukumar kashe gobara ta Los Angeles ta yi la'akari da wannan, ta tsara horon mutanen unguwa: rufe gas, kashe ƙaramar wuta, tantance wanda za a fara dubawa, da sanin ginin da ba a shiga. A 1993 aka yaɗa shirin a faɗin Amurka, ana ba da takardar shaida.

A Alƙahira tarihi ya maimaita kansa ranar 6 ga Satumba, 2008, da dutsen Muƙaɗɗam ya rikito kan Duwaiƙa, ya kashe sama da mutum 100, manyan injuna suka kasa shiga lunguna, mazauna suka sake tono da hannu.

Hilal Ahmar tana koyar da taimakon gaggawa, kuma tana ba da shahada. Mu uku daga gidanmu mun yi rajista, mai gadin kuma ya sa mun fasa wa banɗakin kafar iska.