Asalin Binciken Fasinja a Filin Jirgin Sama da Haƙƙin Matafiyi



Abin da za mu duba a yau shi ne yadda bincike ya zama wajibi a kan duk mai shiga jirgin sama, da kuma nauyin da wannan ya ɗora wa ma'aikacin da ke tsaye a ƙofa.

Har wajen ƙarshen shekarun 1960, fasinja yakan shiga jirgin sama kamar yadda ake shiga jirgin ƙasa, babu mai buɗe masa jaka. Fashin jirage ne ya kawo canji. Tsakanin 1968 da 1972 an yi fashin jiragen Amurka fiye da 130, da yawa daga ciki aka karkatar da su zuwa Kyuba. A watan Satumba na 1970 kuwa, wasu mayaƙan Falasɗinu suka saukar da jirage uku a hamadar Jodan, suka fitar da mutane, sannan suka tarwatsa jiragen. Da farko hukumomin Amurka sun gwada tsamo waɗanda ake zargi kaɗai a bincika, amma abin bai hana fashi ba. Saboda haka daga ranar 5 ga Janairu, 1973, aka wajabta binciken kowane fasinja da jakar hannunsa.

To, jama'a, a nan maganarmu take. Tun da aka ce kowa, sai ya zamana kusan duk wanda mai bincike zai taɓa mutumin kirki ne, wanda bai yi laifin komai ba. Wato dai an nemi jama'a su haƙura da buɗe musu kaya da lalube musu jiki domin lafiyar kowa, su kuma abin da suke bi bashi shi ne a yi musu hakan cikin mutunci.

Kowane sabon hari ya ƙara wa bashin nan nauyi. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, gwamnatin Amurka ta karɓe aikin daga kamfanonin da ke yin sa, ta kafa hukumar TSA. Yunƙurin tayar da bam a cikin takalmi a Disamban wannan shekara ya jawo cire takalma, makircin da aka gano a Ingila a 2006 kuma ya jawo ƙayyade ruwan da ake shiga da shi.

Mu ma abin ya shafe mu. Ranar 25 ga Disamba, 2009, Umar Faruk Abdulmutallab ya yi ƙoƙarin tayar da bam a jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit. A Janairun 2010 Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 14 da za a tsananta wa matafiyansu bincike, laifin mutum ɗaya ya hau kan miliyoyi. Gwamnatin Nijeriya ta nuna rashin amincewa, aka kuma janye tsarin a watan Afrilu. Haka nan na'urorin da ke nuna surar jikin mutum sun tayar da ƙura, har Amurka ta kawar da irin wannan hoton a 2013, ta bar zane mai kama ɗaya ga kowa.

A taƙaice, a waɗannan lokutan da bincike ya keta mutunci, jama'a sun yi tsaye, hukuma kuma ta ja da baya. Saboda haka ma'aikacin da ya san aikinsa yakan yi gaisuwa, ya faɗi abin da zai yi kafin ya kai hannu, ya bar mace ta binciki mace, ya yi haƙuri da tsohon da bai taɓa shiga jirgi ba, kamar maniyyatanmu da yawa. Bai rage komai daga binciken ba, ya dai biya matafiyi haƙƙinsa.