Labarin Dakarun Kanta a Ƙasar Zuru

Hausawa sun raba zancen da kashi biyu. Akwai tatsuniya, wadda a kan yi da dare, kowa kuwa ya san Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi ba. Akwai kuma labari, wanda dattijo kan faɗa da rana tsaka a gaban Hakimi, har ya yarda ya rantse a kansa. A ƙasar Zuru babu labarin da ya kai na Kanta daɗewa a bakin mutane.

Muhammadu Kanta shi ne ya kafa mulkin Kabi. Da fari yana tare da Askiya Muhammadu, Sarkin Sanwai, har suka tafi yaƙin Agadas tare. Wajen shekara ta 1516 suka ɓata a kan rabon ganima, Kanta ya yi tawaye, rundunar Askiya ta kasa karya shi. Ya gina birnin Surame, wanda kufansa da sauran ganuwarsa suna nan har yau yamma da Sakkwato. Wannan a rubuce yake, gama mai Tarihin Sudan ya ambaci Kanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya ba da labarinsa a cikin Infaƙul Maisuri.

Amma zancen da ya shafi Zuru, a baka aka riƙe shi. Tsofaffi suna cewa kakannin Dakarkari su ne dakarun Kanta, watau mayaƙansa na ƙasa masu baka da kibiya. Da mulkin Kabi ya yi rauni sai suka yiwo kudu, suka hau duwatsu suka zauna, sunan dakaru ya bi su. Turawan mulki sun tarar da wannan magana, suka sa a takardunsu. Wani jami'insu, P. G. Harris, ya buga dogon bayani a kan Dakarkari cikin 1938.

To, a nan mai hankali zai dakata. Mutanen nan ba su kiran kansu Dakarkari, Hausawa ne suka raɗa musu. Su Lelna suke ce da kansu, harshensu kuwa C'lela. Masanan harsuna sun gane shi ɗan'uwan harsunan Dukkawa da Fakkawa da Kambari ne, ba shi da dangantaka ta asali da Hausa. Wannan ya nuna tushensu a yankin nan ya girmi Kanta nesa ba kusa ba. Mai yiwuwa ne waɗansunsu sun yi masa yaƙi, waɗansu 'yan gudun hijira kuma sun zo daga Kabi sun saje da su. Amma a ce dukan jama'a daga runduna guda suka fito, wannan ya yi wa hankali nauyi.

Duk da haka labarin ya ƙi mutuwa, dalili kuwa ba boyayye ba ne. A ƙarni na 19 mayaƙan Kwantagora, na gidan Umaru Nagwamatse, sun addabi ƙasashen nan da harin bayi, har Turawa suka ci Kwantagora cikin 1901. Mutumin da maƙwabtansa ke yi wa kallon abin kamawa, in ya ce kakansa ne ya tsare babban sarkin da ya gagari Askiya, ai ya sami abin ɗaga kai. Daga baya samarin Zuru suka shiga aikin soja da yawa, har Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, ɗan ƙasar, ya zama babban hafsan sojan ƙasa na Nijeriya daga 1996 zuwa 1999. Sai ya zama jikoki ne suka ƙara wa labarin kakanni ƙarfi.

Ma'aikatan En'e sun fi kowa sanin nauyin irin wannan zance. In gardamar iyaka ta tashi tsakanin ƙauyuka biyu, ko ta gadon sarauta a Dabai, ko Danko, ko Fakai, ko Sakaba, ko Wasagu, ba wata takarda da za a buɗe, sai a kira dattawa a tambaye su wa ya fara sauka a dutsen. Haka kuma shari'ar golmo, noman shekara bakwai da saurayi kan yi wa surukinsa: al'ada ce ke yanke ta, al'adar kuwa a kan tsofaffi take. Abin da malamin Hakimi ko muhutin kotu ya rubuta a ranar, shi ne ya zama hujja. Sau da yawa kuma ta bakin tafinta ya ji shi, da Hausa, daga ɓangaren da ya riga zuwa.

An rushe tsarin En'e cikin 1976, amma littattafan suna nan, ana kuwa buɗe su in rigima ta taso. A tsofaffin maƙabartun kan duwatsu kuma akwai tukwanen da mata suka gina aka ɗora bisa kaburbura, siffar kowace tana nuna matsayin wanda ke ƙarƙashinta, ko sarki ne, ko maharbi, ko ɗan kokawa. Masu iya duban tukunya su faɗi mai ita sai raguwa suke yi.