Faifan Garmaho a Fagge da Sabon Gari: Tarihin da Ke Lanƙwashewa a Rana

A wannan mako za mu ɗauki wata kalma da kullum take bakinmu, mu bi sawunta. Yau idan wani ya turo mana hoto mai motsi a waya, sai mu ce ya turo "faifan bidiyo", alhali babu abin da ke kewayayye a jikinsa. Asalin faifai shi ne wanda iyayenmu mata ke saƙawa da kaba su rufe ƙwarya. Da Bahaushe ya ga baƙin abu mai faɗi, kewayayye, yana juyawa yana waƙa, sai ya ara masa sunan marufin ƙwaryarsa. Na'urar kuma ya lanƙwasa sunanta na Turanci ya ce garmaho. Kalmar ta rayu, amma abin da ta fara nufi yana gab da ɓacewa, kuma idan ya ɓace, mu masu rubutu ne za mu fi kowa asara.

Yadda abin ya faro a waje

A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta maimaita. Bayan shekara goma, Emile Berliner ya fito da tasa mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe, wadda ita ce garmaho. Ba ta buƙatar lantarki. Wani ake yi mata da hannu kamar agogo, allurar ƙarfe ta bi zanen da ke jikin faifan, sautin ya fito ta ƙaho.

'Yan kasuwar Amurka ba su daɗe ba suka gano cewa mutum zai biya kuɗi don ya ji waƙar da ransa ke so. A watan Nuwamba na 1889 aka girka wata na'ura a wani gidan shaƙatawa a San Francisco, wadda sai an jefa mata kwabo take waƙa. Daga nan aka samu akwatin waƙa da suke kira jukebox. Kamfanonin Wurlitzer da Seeburg da Rock-Ola suka yi ta gasa a kansa. Samfurin Wurlitzer 1015 na 1946 yana ɗaukar faifai 24. Bayan shekara biyu Seeburg ya fito da wanda ke ba mutum zaɓin waƙa 100. Ka jefa kuɗi, ka danna lamba, wani hannun ƙarfe ya zaro faifan ya ɗora, kowa a wurin ya ji abin da ka zaɓa.

Yadda ya shigo Kano

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa. Wajen 1913 aka keɓe Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo. Fagge kuwa tun kafin zuwan Turawa zango ce ta fatake a bayan ganuwa, daga baya Kwarori suka kafa kantunansu a gefenta, inda har yau muke cewa Kantin Kwari. Duk sabon abu da zai shiga birni, ta waɗannan unguwanni biyu yake fara ratsawa. Haka silima ta yi, domin Rex da aka buɗe a 1937 a wajen ganuwa take. Haka ma garmaho, wadda ta zo cikin kayan kantunan Turawa da na Kwarori.

Kamfanonin faifai sun san da wannan kasuwa. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan, ya buga fayafayi cikin harsuna da dama, har da Hausa, ya aiko da su a sayar. Daga baya Decca da Philips da EMI suka kafa rassa a Legas, suna ɗauka suna bugawa a cikin gida.

Unguwannin biyu kowace da kunnenta. A otal-otal da gidajen rawa na Sabon Gari, kiɗan hayilaif ne ke tashe: E.T. Mensah daga Gana, Victor Olaiya, Rex Lawson, Osita Osadebe, ga kuma juju na I.K. Dairo da kiɗan Kwango. A Fagge an fi jin kalangu da kukuma da kuntigi, da waƙoƙin Larabawa, da na finafinan Indiya waɗanda matasa ke haddacewa bayan sun fito daga silimar Plaza. Titi ne kawai tsakaninsu, sauti kuma bai san iyaka ba. Telan Fagge yana jin ƙahon hayilaif, ɗan kasuwar Sabon Gari yana jin amshin 'yan Shata.

Aikin da akwatin jefa-kwabo ya yi wa Ba'amurke, abubuwa biyu ne suka fi yi wa Bakano shi. Na farko garmaho ko rediyogiram da mai shago ko mai gida zai fito da ita, jama'a su kewaye, wannan ya ce a sa masa kaza, wancan ya ce a juya bayan faifan. Na biyu rediyo. Tun 1944 aka fara rarraba shirye-shirye ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a Kano, sannan a 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna. Shirin Zaɓi Sonka shi ne akwatin waƙar talaka: kuɗin da za ka jefa shi ne na kati da kan sarki, hannun da zai zaro faifan kuwa na mai gabatarwa ne, masu sauraro kuma duk Arewa.

Tarihin waɗannan unguwanni yana da ɗaci, kuma ya shafi fayafayan. Rikicin Mayu na 1953 a tsakanin Fagge da Sabon Gari ya fi zafi. A 1966 dubban mazauna Sabon Gari suka bar garin bayan kashe-kashe, yaƙin basasa ya biyo baya har zuwa 1970. Wanda ke gudun ransa ba ya ɗaukar akwatin faifai. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris ɗin 2016 ita ma ta tuna mana cewa kayan da aka tara a wuri guda a dare ɗaya suke tafiya.

Minti uku da abin da ya yanke

Nan ne ya kamata marubuci ya buɗe kunne. Tsohon faifai yana juyawa sau 78 a minti, kowane gefe kuma ba ya wuce kamar minti uku. Ƙaramin faifai mai juyi 45, wanda RCA Victor ya fito da shi a 1949, shi ma waƙa guda yake ɗauka a gefe. Sai babban faifai na Columbia na 1948 ne ya kai wajen minti ashirin.

To, makaɗin Hausa ba da agogo yake waƙa ba. Yana ganin wanda ya shigo fili ya saka shi, yana ganin wanda ya yi kyauta ya ƙara masa ɗa. Waƙa guda takan kai rabin sa'a yau, gobe ta sauya kama. Idan aka shigar da shi ɗakin ɗaukar murya aka ce ya gama kafin faifai ya cika, dole ya zaɓi abin da zai bari. Saboda haka abin da muke ji a faifan Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos, waɗanda EMI ya buga wa fayafayi, zubi ɗaya ne cikin zubi masu yawa, na rana guda, a ɗaki guda. Wanda ya rubuta sharhi ya ce "ga yadda waƙar take" bai faɗi duka ba, sai ya gaya mana wane zubi ya saurara, na faifai ko na rediyo ko na gidan biki.

Kaset ne ya kawo ƙarshen wannan zamani. Philips ya fito da shi a 1963, kuma da ya yaɗu a ƙasarmu sai kowa ya zama mai buga waƙa. Ga araha, ga tsawo, ga sauƙin kwafa. Ƙofar Wambai ta zama cibiyarsa a Kano. Satar fasaha da taɓarɓarewar tattalin arziki suka sa manyan kamfanonin waje suka sayar da rassansu suka tafi. Kaset ya kai waƙa ƙauyen da garmaho ba ta taɓa zuwa ba, wannan alheri ne. Amma kwafi daga kwafi ba ya tafiya da takarda. Daga kaset waƙar ta koma CD, ta koma katin waya, a kowane zango tana yar da wani abu: sunan kamfani, lamba, shekara, wani lokaci har sunan mawaƙin. Shi ya sa yau za ka ga an ɗora waƙar wani makaɗi da hoton wani, mutane suna ta musu a ƙasa babu mai hujja.

Mene ne darajar faifai?

Masu tara fayafayi a duniya suna duba abu uku: ƙarancinsa, lafiyarsa, da yawan masu nemansa. A 2013 an sayar da wani tsohon faifan mawaƙin Amurka Tommy Johnson a kan dala 37,100, saboda kwafinsa da suka rage ba su taka kara sun karya ba. Fayafayan Najeriya ma sun shiga wannan kasuwa, musamman bayan fitowar tarin Nigeria 70 a 2001 da Nigeria Special a 2008. Dillalai suka bazama gari-gari suna saye a buhu suna fitarwa. Sun fi neman kiɗan Legas da na Gabas. Na Hausa bai samu wannan rububi ba, abin da ya sa mai shi yakan ɗauka tarkace ne ya zubar.

A wurinmu darajar tana kan 'yar takardar da ke manne a tsakiya. A nan ake samun sunan mawaƙi yadda aka rubuta shi a lokacin, da sunan waƙa, da tambarin kamfani, da lambar faifai, da ƙasar da aka buga shi. Kusa da takardar, a jikin faifan, akwai wata lamba da aka zana, wadda ke nuna ainihin ɗaukar da aka yi. Da waɗannan lambobi ake jera fayafayi a gane wanne ya riga wanne. Rigar faifan ma shaida ce: hoton mawaƙi da shigarsa, hatimin shagon da ya sayar, farashi da sule ko da naira. Tunda naira ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu 1973, farashin kaɗai yakan gaya maka kafin ko bayan. Faifan da ya tsage, ba ya ko waƙa, yana iya warware gardamar da littafi bai warware ba.

Yadda ake kula da su

Mai juyi 78 da wani irin ƙaro ake yin sa, wanda ake samu daga wani ƙwaro a Indiya. Yana da nauyi, yana fashewa kamar tangaran, kuma sinadarin sifirit yana narkar da shi. Masu juyi 45 da 33 na roba ne, ba sa saurin fashewa amma zafi yana lanƙwasa su. Wanda ya bar su a ɗakin kwano a watan Afrilu, ko a bayan mota, ya gama da su. A tsaye ake jera su kamar littattafai, ba a kwance ba, a wuri mai inuwa, sama da ƙasa saboda gara da laimar damina. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga zanen ta zama kamar yashi a ƙarƙashin allura. A wanke da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu kaɗan, da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen zanen, kada ruwa ya taɓa takardar.

Allurar ƙarfe ta garmaho sau ɗaya ake amfani da ita a canza, shi ya sa ake sayar da su a 'yan gwangwanaye. Kada a kuskura a ɗora faifan roba a garmahon wani, nauyin kanta zai huɗe zanen tun juyin farko. Ita garmahon, man da ke cikin gidan sifirin dinta yakan daskare, amma buɗe shi aikin gwani ne, domin ƙarfen yana iya tsalle ya yanki mutum.

Wanda ya ci karo da tsohuwar rediyogiram ko akwatin jefa-kwabo, kada ya yi gaggawar jona shi da wuta. Kayan cikinsa sun bushe, yana iya ƙonewa nan take. Idan ƙirar kasuwar Amurka ne, wutar da ya sani mai ƙarfin 110 ce, tamu kuwa ta ninka haka. Ko an rage masa ƙarfin, bugun wutarsu 60 ne a daƙiƙa, namu 50, don haka injin zai juya a hankali, muryar mawaƙi ta yi kauri, sai an sauya masa abin juyin.

Abin da ya rage gare mu

Waɗanda suka riga mu sun yi nasu. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da dama. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun ba mu Shata Ikon Allah a 2006. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, Allah ya jiƙansu. Dattawan da suka saya, suka sayar, suka gyara garmaho a Fagge da Sabon Gari su ma suna ta raguwa, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Aikin ba ya buƙatar jari. Mu tambayi iyaye da kakanni ko akwai akwatin faifai a gida. Idan an samu, mu ɗauki hoton takardar gaba da baya, da rigar, mu rubuta lambobin a littafi. Mu zauna da mai shi mu ji inda ya saya, da nawa, da kuma wa ke zuwa saurare. Wanda ba zai iya adanawa ba, ya tuntuɓi wuraren ajiyar tarihi irin su Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama a Kano, ko Arewa House a Kaduna, kafin ya miƙa wa mai gwangwan. Mai rubuta labarin da ya faru a Fagge ta shekarun 1950 kuma ya san cewa garmahon tana tsayawa bayan minti uku, sai wani ya tashi ya yi mata wani, ya canza allura, kafin hira ta ci gaba.

Sai mako mai zuwa, idan rai ya kai.