Hirudus da Aka Cire daga Hoton Kirsimeti

Duk wanda ya taɓa zama a majami'a a Jos ko Kafanchan ko Numan a makon Kirsimeti ya san yadda wasan kwaikwayon yaran makarantar Lahadi yake tafiya. Yarinya ta yafa farin zane ta zama Maryamu, makiyaya sun shigo da sandunansu, sarakuna uku sun biyo tauraro ɗauke da kyaututtuka, duk an hallara a garken dabbobi a dare guda. Wannan hoto ne a katin gaisuwa da kalanda da finafinai, kuma daga gare shi Kiristoci da yawa suka fara sanin labarin haihuwar Yesu, tun ba su iya karatu ba. Ashe hoton tafsiri yake yi, ya kamata a auna shi kamar yadda ake auna wa'azi.

Cikin marubutan Linjila huɗu, Matiyu da Luka kaɗai suka kawo labarin haihuwar, kowa da inda ya sa gaba. Makiyaya da komin dabbobi da rashin wuri a masauki na Luka ne. Tauraro da masanan gabas na Matiyu ne, shi kuwa bai ce su uku ba ne, bai kira su sarakuna ba, kuma a cikin gida ya ce sun tarar da yaron. Kyaututtukan ne uku: zinariya da lubban da mur. Daga nan aka ƙirga mutanen, kamar yadda malamin ikilisiya Orijen ya yi a ƙarni na 3, alhali wasu ikilisiyoyin Siriya goma sha biyu suka riƙe.

Ƙarin da aka yi yana da tushe. Sarautar masanan ta fito ne daga Zabura 72 da Ishaya 60, inda aka yi maganar sarakuna masu kawo gaisuwa. Sā da jaki kuma daga Ishaya 1:3. Faransis na Asisi ya fito da abin fili a 1223, lokacin da ya shirya komi da dabbobi masu rai a Greccio ta ƙasar Italiya domin talakawa su gani da idonsu. Fafaroma Benedict na 16 ma ya faɗa a littafinsa na 2012 cewa Linjila ba ta ambaci dabbobi a wurin ba, bai kuma ce a fitar da su ba. Nan babu abin ɗaga murya, domin ikilisiya ce take karanta Sabon Alkawari da hasken Tsoho.

Matsalar tana wajen abin da aka rage. Babi na 2 na Matiyu aya 23 ne, amma wasan yakan tsaya a aya ta 11 ko 12. Abin da ya biyo baya shi ne Yusufu ya tashi da dare ya gudu Masar da yaron da uwarsa, sarki Hirudus ya sa a karkashe yara maza na Baitalami daga mai shekara biyu zuwa ƙasa, sai marubucin ya tuno kukan Rahila da ke Irmiya 31. Ko bayan mutuwar Hirudus, tsoron ɗansa Arkilayus ne ya karkatar da iyalin zuwa Nazarat.

Masana tarihi sun rabu a kan kisan, tun da marubucin tarihi Yosifus bai ambace shi ba, ko da yake ya rubuta cewa Hirudus ya kashe matarsa Mariyamne da 'ya'yansa uku. Amma wajen tauhidin Matiyu, wannan sashe shi ne ƙashin bayan babin. Raymond Brown, a babban nazarinsa na 1977 kan labaran haihuwar, ya nuna yadda aka gina shi bisa labarin Musa da Fir'auna: sarki mai tsoron jariri, kisan yara, tsira ta ikon Allah, fitowa daga Masar. Idan aka yanke shi, sai a rasa dalilin da ya sa zuwan Almasihu ya girgiza Urushalima, a kuma rasa zaren da ya haɗa tsoron Hirudus da rubutun da aka kafa a kan gicciye, domin a wurare biyun maganar sarautar Yahudawa ce.

Wannan ɓoyewa ta daɗe. Wajen 1565 mai zane Pieter Bruegel ya zana kisan a wani ƙauyen ƙasarsa cikin dusar ƙanƙara, da sojoji irin na zamaninsa. Bayan zanen ya shiga taskar sarki Rudolf na 2, sai aka shafe yaran da fenti, aka mai da su dabbobi da ƙullin kaya. Har yau iyaye mata suna nan a cikin zanen suna kuka a kan ƙunshin tsumma.

A arewa maso gabashin Najeriya, wannan ragi asara ce babba. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya da ke Kwarhi kusa da Mubi, kuma tun 2013 sansanin Minawao a Kamaru yake karɓar masu gudun hijira, Kirista da Musulmi. Uwar da ta goya jariri ta ƙetare duwatsun Mandara cikin dare tana da haƙƙin jin cewa Maryamu ta riga ta bin irin wannan hanya, kuma Littafi Mai Tsarki bai kau da kai daga kukan waɗanda 'ya'yansu ba su tsira ba.

Ikilisiya ba ta rasa wurin da za ta faɗi haka ba. Katolika da Angilika suna tunawa da yaran Baitalami ranar 28 ga Disamba, Kibɗawan Masar kuma suna bikin shigar iyalin ƙasarsu ranar 1 ga Yuni. Sai dai a waɗannan ranaku taron Kirsimeti ya riga ya watse, yawancin ikilisiyoyin bishara na arewa kuwa ba sa bin wannan kalanda. Saboda haka nauyin yana kan fastoci da malaman makarantar Lahadi da zumuntar mata, masu shirya wasan kowace shekara, su ci gaba da shi har aya ta 23, ta hanyar da yara za su iya ɗauka.